Wuƙaƙen da Ba Su Sha Mai Ba

Jawabin kakar marigayi a taron tunawa da shi

Assalamu alaikum.

Shugaban wannan taro, ranka ya daɗe. Limamin unguwarmu, Allah ya gafarta Malam. Shugaban ƙungiyar masu sana'ar hannu da mutanensa, da kuka ba mu aron zaure da kujeru. Shugaban mahauta da jama'arsa, na ga yau duk kun sa fararen kaya, da ƙyar na gane ku. Tsohon baduku, abokin aikin marigayi, da ya zauna can kusa da ƙofa don ya sami hanyar gudu idan na fara. Surukanmu. Matarsa, wadda ta ƙwace mini shi ina ji ina gani, da 'yan yaranta. Baffansa, ɗana na cikina. Maƙwabta da abokan arziki, ina gaishe ku, kowa da girmansa.

An ce ni zan yi magana don na fi kowa daɗewa da saninsa. Haka ne, na san shi tun ba shi da haƙori. Amma tsarin ya karkace. Shi ya kamata ya tsaya a nan yana ba ku labarina yana ƙara gishiri. Har alkawari ya yi mini, wai ranar da na mutu sai ya gaya wa duniya irin minsharina. Ga shi ya yi gaba, ya bar ni da sanda da ciwon gwiwa.

Kafin in yi nisa, bari in ajiye muku abin da ya fito da ni daga ɗaki. Ba kuka na zo yi ba, na yi wannan a gida har ya ishe ni. Akwai wasu wuƙaƙe da suka shiga kasuwa bayan rasuwarsa, ɗauke da alamarsa, alhali bai gama su ba. Suna can suna ɓata masa suna a inda ba mu san kowa ba. Jikana bai bar gida ba, bai bar gona ba. Sunan nan kaɗai ya bar wa yaran nan, shi ne kuma yake zubewa yanzu da muke zaune. Zan gaya muku yadda aka yi, amma sai kun fara sanin mutumin.

Ya kasance ɗan maƙera tun daga tushe. Ubansa ya rasu yana goye, sai ya tashi a hannuna da na kakansa, mai gidana, Allah ya jiƙansa, wanda shi ma maƙerin wuƙa ne. Ba a taɓa yi masa riga ta kwana biyu ba huji ba, saboda tsayuwa kusa da uwar maƙera. Daga nan aka sa masa Tartsatsi, sunan ya bi shi har ya yi gemu. Ni kuwa angona nake ce masa, shi kuma ya ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe.

Alamar gidanmu kun san ta, 'yan layuka ne da suka haɗu a gindi, ana buga ta a jikin wuƙa tun ƙarfen yana ja. Kakansa ya ce wai harshen wuta ne. Shi ma ya taso yana cewa harshen wuta ne. Ni na ce ƙafar kaza ce, kuma duk garin nan bayana aka bi. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce a ba shi mai harshen wuta. Sai ka ji, "Tartsatsi, akwai mai ƙafar kaza?" Ya juyo ya harare ni ya ce, "Kin ga abin da kika ja mana ko?" In ce, "Kaza ai tana da amfani, angona. Wa ya taɓa cin harshen wuta?"

Wuƙar da ya fara yi da hannunsa, ni ya yi wa. Lokacin gashin baki ya fara tsiro masa, yana ji da kansa. Ya goge ta tana walƙiya, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Ga sadakinki, ki bar ni in sha iska." Na ɗauko kabewa na ɗora mata. Wallahi kabewar ce ta ci wuƙar. Bakinta ya naɗe, tsininta ya kalli gabas. Na ce, "Angona, in wannan ne sadakin, auren bai ɗauru ba." Kakansa ya ja shi cikin maƙera ya rufe ƙofa. Ranar ya koyi abin da nake so ku fahimta yau.

Wuƙa, idan an ciro tsohon ƙarfen sifirin na ƙarƙashin mota an dake shi ya yi faɗi, an buga alama, an bi shi da magagari ya yi siffa, ido zai ce an gama. Ba a gama ba. A gidanmu muna ce mata ɗanya. Sai an shayar da ita. A rufe ƙofar maƙera da rana tsaka don wurin ya yi duhu-duhu, a mayar da ita cikin gawayi, a tsura mata ido har ta yi wani irin ja da ba shi da suna, sai wanda ya sani. Nan take a tsoma ta cikin mai. Bayan nan a sake ɗumama ta a hankali don kada ta yi taurin da za ta karye. Sannan a goga mata magagari. Idan ya kama yana ci, ɗanya ce. Idan ya zame yana ƙara, ta sha. Sai a sa mata ƙota. Ni ban taɓa riƙe awartaki ba, amma na yi zaman aure da ƙarar magagarin nan, ko daga barci aka tashe ni zan bambance.

Ya kasance ba ya barin wuƙa ta fita tsirara. Kowace sai ta bi ta hannun tsohon baduku. Shi kuma wancan ba ya ɗinka kube ya ajiye yana jiran wuƙa. Sai an kawo ta, ya jiƙa fata, ya naɗe ta a jikin ita wannan wuƙar, ya bi da ƙashi yana dannawa har fatar ta ɗauki siffarta. Ya sa wata siririyar fata ta ciki wajen kaifi don kada ta yanke zare, ya huda da basilla, ya ɗinke, ya shanya a inuwa. In ya bushe, ya kifa kuben ya girgiza. Idan wuƙar ta motsa, ya farke ya sake. Shi ya sa kuben wata ba ya shiga wata, ko da rana ɗaya aka ƙera su.

Kullum cikin faɗa suke. Tartsatsi ya leƙa ya ce, "Baba, fatar nan ta jaki ce ko ta kura? Mai ita yana jira." Baduku ya ce, "Ya jira. Kai da ka yi mata ciki kamar ta haɗiyi ƙwarya, da me zan rufe ta, da tabarma?" Amma ban taɓa jin ɗayansu ya kai aikinsa wani wuri ba.

Ya kasance ba ya sayar wa mai fushi wuƙa. Wannan ku mutanen unguwa kun shaida. Wata rana wani ya faɗo masa ido jajir, jijiyar wuya a tsaye, ya ce a ba shi mafi kaifi. Jikana ya ce, "Akwai, amma wutar ta mutu. Taimaka mini da zugazugi." Mutumin ya zauna yana zuga, yana zagin ƙaninsa, yana zuga, yana zagi. Kafin la'asar gumi ya wanke shi, hannu ya mutu, zagin ya ƙare. Ya tashi ya ce, "Gobe na dawo." Bai dawo ba. Na ga shi da ƙanin suna zaune a layi ɗaya yau, ba zan nuna su ba, sun san kansu.

Ya kasance mai duba hannun mutum kafin ya duba aljihunsa. Mai kifin bakin kasuwa bahaguwa ce, ta yi shekaru tana yanka yatsunta da wuƙaƙen masu dama. Shi ya lura, ya yi mata tata, baduku ya juya kuben ya koma ɗaya ƙugun. Matan unguwa kuwa duk ranar da ya kunna dutsen washi sai su yi layi da wuƙaƙen girkinsu, har da waɗanda ba nasa ba, na kanti masu kama da murfin gwangwani. Ya wasa yana mita, bai taɓa karɓar komai ba. Mahauta, ku ba sai na gaya muku ba. Akwai a cikinku wanda ya gaji mai ƙafar kaza daga ubansa, har ta sirance kamar tsinke, bai yarda ya ajiye ta ba. Mu mutanen wannan gari mun daɗe ba mu san ana gwada wuƙa kafin a saya ba. Alamar kawai muke dubawa.

Sai tari ya zo. Da farko ya ce hayaƙi ne. Ya ci gaba da aiki, har ma ya ƙara, kamar wanda ake kora. Ya ƙera ruwan wuƙaƙe da yawa, ya buga musu alama, ya gyara siffarsu, ya rataye su a waya jikin bango. Amma bai shayar da ko ɗaya ba. Na je na same shi zaune a kan kututture yana haki, na ce, "Angona, ka tara 'yan mata ka ƙi ɗaura musu aure." Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Ya ce, "Tsohuwa, idona yana yi mini gizo. Ja biyu nake gani. In na tsoma su a haka, ban san me zan ba mutane ba. Bari in warke."

Bai warke ba. Ranar da zai tafi, da hantsi ne, na zauna a bakin gadonsa ina yi masa fifita. Na ce, "Tashi mana, rago, ka bar mace tana yi maka hidima." Ya buɗe ido ya ce, "Ke dai ba kya gajiya." Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Ni kuma duk surutuna, ban tuna da wayar jikin bango ba. Wa yake tuna ƙarfe a irin wannan rana?

Yanzu ga yadda aka yi. Ɗana, ɗaga kanka, ba tsire ka na zo yi ba.

Baffansa direba ne. Tun yana ƙarami ya gudu daga maƙera, ya ce hayaƙi yana sa shi hawaye, ya je ya zaɓi hayaƙin mota. Bayan an watse daga zaman makoki ya leƙa ɗakin girkin yarinyar nan, matar marigayi, ya ga buhu ya kwanta. Bai gaya wa kowa ba. Ya karɓi makulli ya buɗe maƙera, ya ga ƙarafa jere a bango, kowanne da ƙafar kaza, kowanne da siffarsa. Ya ce alhamdu lillahi, yaron ya bar wa iyalinsa abin da za su ci. Ya kwashe ya kai wa baduku.

Baduku ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya ajiye. Ya ce, "Ba zan ɗinka ba." Ya shige ya ja ƙofa. Kun san shi, maganarsa ta yini ba ta cika cokali. Shi a zatonsa ɗan gidan maƙera ne a gabansa, ya san ɗanya in ya gani, ya zo ne kawai ya gwada shi. Ɗana kuma a zatonsa baƙin ciki ne ya hana tsoho taɓa aikin abokinsa. Har tausayinsa ya ji. Kowa ya tafi yana ganin ya fahimci ɗan uwansa.

Sai ya kai wa kafinta ya sa musu ƙota. Ya kai wa mai injin washi ya goge su suka yi ƙyalli. Ya sayo kuben roba irin na kanti ya zura su. Ya haɗa su da wani ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye da mota, wanda yana ganin alamar ya kwashe duka bai ko taya ba. Ɗana ya cika wa yarinyar nan ɗakin girki, ya ce kada a gaya wa tsohuwa, kada a tayar mata da hankali. Ni da nake kwana da ƙarar magagari a kunne, ni aka ɓoye wa.

Ba a daɗe ba wani mahauci, baƙo, ba na garin nan ba, ya yi sallama a ƙofar gida. Matar marigayi ce ta fita, da mayafin takaba a kanta. Ya ce, "Nan ne gidan mai ƙafar kaza?" Ta ce nan ne, amma Allah ya yi masa rasuwa. Ya yi ta'aziyya kamar yadda ya kamata. Sannan ya zaro wuƙa daga aljihu, bakinta a naɗe, ga tsumma ɗaure a babban yatsansa inda ta zame ta same shi. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Amma ashe shi ma ya koyi ha'inci kafin ya tafi."

Ta shigo ɗakina riƙe da wuƙar, ta miƙo mini. Na aika aka ɗauko mini magagari. Na goga sau ɗaya. Ya kama kamar ana kankare rogo.

Ɗana ya ajiye motarsa ya bi sawun ɗan kasuwar. Ya same shi, amma kaya sun riga sun watse. Wannan ya sara wa wancan, wancan ya ba wa mai talla, mai talla ya hau mota ya yi gaba. Ya bi kasuwa kasuwa har takalminsa ya tsinke. Abin da ya dawo da shi bai cika hannu ɗaya ba. Suna ƙarƙashin gadona. Sauran suna can.

Mahauta, da shugaban ƙungiya, na san abin da za ku ce, kun ma faɗa mini a gida: za mu gaya wa mutane. Na gode. Ku gaya musu. Ku ce duk mai ƙafar kazar da ba ta cikin kuben fata da aka ɗinka a jikinta, ba ta sha mai ba, ba shi ya sake ta ba. Amma ku dubi zauren nan. Mu nawa ne? Mu da muke nan ai mun riga mun sani. Waɗanda suka saya ba su san da taron nan ba, ba za su ga takardar da za a buga jawabin nan a kai ba. Mutum ya tara abin da ya tara ya sayi wuƙar da ya daɗe yana jin labarinta, ta naɗe masa a kan ƙashi. Zai gaya wa maƙwabcinsa, maƙwabcin ya gaya wa surukinsa. Mummunan labari ba ya jiran mota.

Kuma ko shaidar kuben ba mai daɗewa ba ce. Fata tana riga ƙarfe tsufa. Nan da 'yan shekaru kuben gaskiya za su tsage, masu su su zura wuƙaƙen a duk abin da suka samu. Na ce wa baduku, "To ai sai ka sabunta musu." Ya nuna mini hannuwansa suna rawa. Ya ce, "Na ajiye basilla. Wa zan ɗinka wa?" Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun da na san shi. Ranar da kube na ƙarshe ya mutu, mai kyau da ɗanya sun zama ɗaya a ido.

Na tambaya ko a garin nan akwai wanda zai iya shayar da 'yan waɗanda suka dawo. Masu walda sun ce su ƙofa da taga suka sani. Jikana bai koya wa kowa ba. Ba rowa ba ce. Yana ganin yana da lokaci, mu ma muna ganin haka.

Ɗana, saurare ni a gaban mutane. Yunwar marayu ka gani ka tashi, ba wanda ya riga ka tashi. Na yafe maka, shi ma da yana nan da ya zage ka ya yafe. Ka koma bakin motarka, ka daina zama a ƙofar maƙera kamar mai gadi. Baduku, kai ma ka daina cewa da ka yi magana. Da ka yi, amma ba ka yi ba, haka Allah ya yi ka.

Ke kuma 'yata, kin tambaye ni me za ki ce wa yaran nan idan suka girma suka ji ana cewa ubansu maha'inci ne. Ban ba ki amsa ba ranar, don ba ni da ita. Yau ma ba ni da wadda za ta rufe bakin duniya. Ki ce musu dai ya ga ja biyu, ya ƙi tsomawa. Ko su yarda da ke, ko su yarda da kasuwa. Ni ba zan kai lokacin ba.

Saura abu ɗaya. Makon jiya wani mai ƙera wuƙaƙe daga wani gari ya zo da fara'arsa, ya ce yana son ya sayi ɗan ƙarfen da ake buga alamar da shi. Wai don kada sunan gidan ya mutu. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa. Da ya tafi na zauna na yi tunani. Yau ni ce a ƙofar. Gobe ba ni. Wani zai zo ranar da buhu ya sake kwanciya, kuma ba zan ga laifin wanda ya miƙa ba.

Na kira yarinyar nan na gaya mata abin da nake so in yi, don hakkin 'ya'yanta ne, ba nawa ba. Ta karɓi ƙarfen ta riƙe shi a tafin hannu, ta daɗe tana kallonsa. Ɗan abu ne kamar yatsa, kansa ya baje saboda dukan guduma, na kakan da na jikan. Ta ce, "Na so in ajiye wa yaran." Na ce na sani. Ta share ido ta miƙo mini ta ce, "Kaka, ki kai."

Da safen nan, a hanyarmu ta zuwa, na sa aka tsaya wurin mai injin washi. Ya ce, "Kaka, me za a wasa?" Na ce ba wasawa za ka yi ba, shafewa za ka yi. Ya dubi bakin ƙarfen, ya gane, ya ce shi ba zai iya ba. Na ce, "Kai ka goge ɗanyun har suka yi ƙyalli, wannan ma za ka iya." Ya ɗora shi a dutse. Ban kau da kai ba har ya gama. Ga shi nan a hannuna, ku gani, sumul kamar kan ƙusa. Shugaban ƙungiya, karɓi, ka zagaya da shi kowa ya taɓa, don a sami shaidu. Daga yau duk sabuwar wuƙar da kuka gani da alamar gidanmu, ƙarya ce. Ban iya dawo da waɗanda suka fita ba. Abin da na iya ke nan, na hana a ƙara. Maƙerar gidanmu ta rufe, kuma da hannuna.

Na gode wa shugaban taro da ya bar ni na wuce lokaci, ya ga ba a katse tsohuwa. Na gode wa ƙungiya, da mahauta, da matan unguwa da ba su bar gidan nan ya yi shiru ba. Na gode wa surukanmu da suka ba mu 'ya mai haƙuri. Wanda na taka a maganata ya yafe mini.

Allah ya jiƙan jikana, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci, shi da ya yi rayuwarsa a bakin wuta. Allah ya haɗa shi da ubansa da kakansa cikin rahama. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba uwarsu ƙarfin riƙe su. Allah ya sanyaya zuciyar ɗana da ta baduku. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.

Waɗanda kuma suka sayi wuƙaƙen nan, a duk inda suke, ba mu san su ba, ba su san mu ba. Ya Allah ka tsare musu yatsunsu, ko da za su zage shi.

Amin. Wassalamu alaikum.